Yadda za ka zaga birnin Landan ba tare da biyan kuɗin shiga ba

Landan gari ne mai cin kuɗi. Masauki da abinci da abin hawa kan lashe guzurin baƙo tun bai ankara ba, kuma wuraren da aka fi tallatawa, irin su Tower of London da cocin Westminster Abbey da St Paul's da lilon London Eye, kowanne sai babba ya ajiye sama da fam 25 kafin ya shiga. Amma mafi yawan abin da ya cancanci gani a garin kyauta ne. Tun watan Disambar 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnatin Birtaniya ba sa karɓar kuɗin shiga, ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Abin da ke hana mutane morar wannan shi ne rashin tsari: a tashi ba a yi rajistar tikiti ba, a yini ana tsallake gari daga gabas zuwa yamma a jirgi, a isa wuri ana shirin rufewa.

Mataki na 1: Abin da za ka gama tun kana gida

Ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru yana bukatar bizar Birtaniya ta kanta. Bizar Schengen da ake shiga Faransa ko Jamus da ita ba ta aiki a nan.

Da zarar ranar tafiya ta tabbata, ka shiga shafukan intanet na wuraren da kake son gani ka yi rajistar tikitin kyauta. Tikitin ba ya cin ko kwabo, amma yana ɗauke da rana da sa'a, kuma shi ke raba ka da dogon layi. Wuraren da ya kamata ka fara da su: Sky Garden da Horizon 22 (wuraren kallon gari daga saman dogayen gine-gine), Science Museum, Natural History Museum, British Museum. Na Sky Garden ana sakin su ne kimanin mako 3 kafin ranar, yawanci ran Litinin, kuma na Asabar da Lahadi da na faɗuwar rana su ke fara ƙarewa. A shafin rajista za a nuna maka wurin ba da gudummawa, fam 5 ko fiye. Ba dole ba ne, akwai maɓallin wucewa ba tare da biya ba. Ka ajiye hoton kowane tikiti a wayarka, domin intanet kan yanke a ƙofar shiga.

Ka duba kalanda ma. Galibin gidajen tarihi a rufe suke daga 24 zuwa 26 ga Disamba, ran 25 kuwa ko bas ba ya fita. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta 'yan makaranta suna hutu, haka ma mako guda a Fabrairu, ƙarshen Mayu da ƙarshen Oktoba, kuma a waɗannan lokuta cunkoso ya fi yawa.

Mataki na 2: Abin hawa, inda kuɗin ke zurarewa

Bas a Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Ko dai katin Oyster, wanda ake saya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a zuba masa kuɗi, ko katin banki da ake dangwalawa. Katin naira ba kullum yake aiki ba, don haka Oyster ya fi kwanciyar hankali. A farashin 2025 hawa bas fam 1.75 ne, kuma duk bas ɗin da ka sake hawa cikin sa'a guda da dangwalawar farko ba za a ƙara cire maka komai ba. A yini guda kuɗin bas ba ya wuce fam 5.25 komai yawan hawan da ka yi. In ka haɗa da jirgi a tsakiyar gari, shiyya ta 1 da ta 2, iyakar fam 8.90 ce.

Kurakurai uku ne suka fi jawo asara. Na farko, a jirgi ana dangwala kati a shiga kuma a fita. Wanda ya manta na fita za a cire masa kuɗin tafiya mafi tsawo. A bas kuwa a shiga kawai. Na biyu, ka tsaya a kan kati ɗaya duk yini: in ka biya da waya da safe, da kati da yamma, na'ura za ta ɗauke ku mutum biyu, iyakar yinin ba za ta yi aiki ba. Na uku, kati ɗaya na mutum ɗaya ne, maigida ba zai dangwala wa iyali da nasa ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 suna hawa kyauta, a jirgi har yara 4 tare da babba ɗaya.

Motocin yawon buɗe ido masu buɗaɗɗen sama ba su da wani amfani ga mai tattali. Hau bas mai lamba 24, ka zauna a bene kujerar gaba: zai bi da kai Camden, Trafalgar Square, Whitehall, gaban majalisa. Lamba 15 kuma daga Trafalgar Square zai wuce St Paul's har Tower of London.

Mataki na 3: Unguwa ɗaya a rana

Ƙa'idar ita ce ka hau abin hawa sau ɗaya da safe, sau ɗaya da yamma, sauran ka taka da ƙafa. Babban gidan tarihi ɗaya ya isa yini, domin bayan sa'a 3 ƙafa da ido duk sun gaji.

Bloomsbury: British Museum da ɗakin karatu na ƙasa

An kafa British Museum a 1753, aka buɗe wa jama'a a 1759. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ran Juma'a har 8:30 na dare, kuma wannan yammacin Juma'ar shi ne lokacin da ya fi sarari. Ana binciken jaka a ƙofa, akwati mai taya kuwa ba a shiga da shi ko kaɗan. Wanda ya taho kai tsaye daga filin jirgi da kayansa za a mayar da shi. Babbar ƙofa tana Great Russell Street, akwai ta baya a Montague Place.

Kada ka ce sai ka ga komai. Ga hanyar da za ta ci sa'a 3. Fara da ɗaki na 4, inda dutsen Rosetta yake. An rubuta shi shekara 196 kafin haihuwar Annabi Isa, saƙo ɗaya da rubutu iri uku, kuma da shi ne masanin Faransa Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Misirawan dā a 1822. Ka je wurinsa da zarar an buɗe, domin daga ƙarfe 11 sai dai ka hango shi ta saman kawunan mutane.

Daga nan sauka ƙasa zuwa ɗaki na 25, ɗakin Afirka. Mutane da yawa suna wuce shi saboda yana ƙarƙashin gini, alhali ga ɗan Afirka ta Yamma shi ne zuciyar gidan. A nan allunan tagulla na masarautar Benin suke, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwaso daga fadar Oba a 1897. Gidan yana riƙe da kayan Benin sama da 900, kaɗan ne ke waje. Akwai kuma kan tagulla na Ife da aka tono a 1938. Ka matsa kusa da allunan ka dubi yadda maƙeran suka fitar da murjani a wuyan hakimai da zanen da ke kan takubba. Najeriya ta daɗe tana neman a mayar da su, kuma wanda ya tsaya gabansu zai fahimci dalili. Ka karanta bayanin da ke jikin bango kan yadda suka zo nan, bai kamata a wuce shi ba.

Sai ka hau bene: ɗakuna 42 da 43 na duniyar Musulunci ne, an buɗe su a 2018, da kayan da suka fito tun daga Afirka ta Yamma har kudu maso gabashin Asiya. Ɗakuna 62 da 63 na gawarwakin Misirawa ne da aka busar aka naɗe, 65 kuma na Sudan da Nubiya. Wani lokaci ana rufe wasu ɗakuna na wucin gadi, don haka ka tambaya a teburin bayani da ke tsakar gida kafin ka fara hawa matakala.

Da ka fito, tafiyar minti 15 zuwa 20 arewa za ta kai ka British Library a Euston Road. Ɗakin taskarsu, Treasures Gallery, kyauta ne. Suna da biyu daga cikin kwafi huɗu da suka rage na Magna Carta ta 1215, takardar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, da Alƙur'anin Sarki Baybars da aka rubuta da ruwan zinariya a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306 cikin mujalladi 7. Ana sauya abin da ake nunawa don kada haske ya lalata takarda. A hanya za ka ratsa harabar Jami'ar Landan, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun koyarwa a 1945 zuwa 1946, da SOAS, makarantar nazarin Afirka da ƙasashen Gabas, mai ɗakin nune-nune na kyauta.

Westminster: dogaran sarki, majalisa da kotu

Canjin dogarai a fadar Buckingham yawanci Litinin, Laraba da Juma'a ake yi, ƙarfe 11 na safe, yana ɗaukar kusan minti 45. Ka duba jadawalin Household Division, wato rundunar dogaran sarki, a daren da ya gabata, domin ruwan sama mai ƙarfi yana sa a soke. Mai son tsayawa a jikin shingen fada sai ya isa tun ƙarfe 10, kuma duk da haka abin da zai gani ta tsakanin ƙarafa ne. Dabara mafi kyau ita ce ka tsaya a Birdcage Walk gaban barikin Wellington wajen 10:30, inda sababbin dogarai da 'yan badujala ke jeruwa, ka gan su kusa, sannan ka bi su zuwa fada. Kada ka sa ran irin hawan sallar Kano ko Katsina. Wannan faretin soja ne, ba kirari ba sukuwa. Tutar da ke saman fada tana gaya maka ko sarki na ciki: in tutar sarauta mai ja da rawaya da shuɗi ce yana nan, in ta ƙasa ce ba ya nan.

Kafin ka bar wurin, akwai abubuwa biyu da suka shafe mu. A gefen titin The Mall, ta wajen Green Park, akwai Lancaster House, inda Sardauna Ahmadu Bello da Azikiwe da Awolowo da tawagoginsu suka zauna tarukan tsarin mulki na 1957 da 1958 da suka share hanyar 'yancin kan Najeriya. Ba a shiga, amma ana ganinsa daga waje. A saman Constitution Hill kuma akwai Memorial Gates, da aka buɗe a 2002 don tunawa da mutanen Afirka da Indiya da Karibiyan da suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya biyu. Duk wanda kakansa ya je yaƙin Bama ya kamata ya tsaya a nan.

Ratsa lambun St James's Park, inda ake kiwon kwasakwasa tun 1664 da jakadan Rasha ya kawo su kyauta. Ana ba su kifi wajen 2:30 na rana. Za ka ɓulla Horse Guards, inda mahaya ke gadi a kan doki. Kada ka taɓa linzami ko ka matsa jikin dokin, yana cizo, sojan kuma zai daka maka tsawa. Ƙarfe 4 na yamma ana duba dogaran, taron ba shi da cunkoso.

Majalisar dokoki tana barin kowa, har baƙo, ya zauna a benen 'yan kallo lokacin zama. Ana shiga ta Cromwell Green, a bi binciken tsaro irin na filin jirgi, a ratsa zauren Westminster Hall da aka fara ginawa a 1097, a ajiye waya da jaka kafin a hau. Majalisar wakilai tana fara zama 2:30 ran Litinin, 11:30 Talata da Laraba, 9:30 Alhamis. Ran Laraba da tsakar rana, lokacin da firaminista ke amsa tambayoyi, kujerun na masu tikiti ne daga 'yan majalisarsu, don haka ka zaɓi yammacin Litinin ko Alhamis. A Agusta suna hutu. Tsallaken dandalin da ke gaban majalisar akwai Kotun Ƙoli, ita ma a buɗe take ga jama'a a ranakun aiki. A ginin ne kwamitin shari'a na Privy Council ke zama yanzu, wanda shi ne kotun ƙarshe ta Najeriya har 1963.

In da sauran ƙarfi, bi Whitehall zuwa Trafalgar Square, kimanin kilomita 1. National Gallery tana nan da zane sama da 2,300. Mai tafiya da yara ya sani cewa da yawa daga zanen Turawan dā suna nuna tsiraici. Ofishin jakadancin Najeriya yana nan kusa a Northumberland Avenue, kuma minti 10 gabas, a Aldwych, akwai Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, da ya fara watsa shiri a 1957, ya yi aiki har 2012.

South Kensington: gida uku a titi ɗaya

Daga tashar jirgi akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da ke kai ka ƙofofinsu, abin da ke da amfani ranar ruwa. Mai yara ya fara da Natural History Museum, inda ƙashin kifin whale mai tsawon mita 25 ke rataye a babban zaure, ko Science Museum mai kumbon Apollo 10 da ya zagayo wata a 1969.

Babba kuwa ya nufi gidan tarihin Victoria and Albert, wato V&A, ɗaki na 42. Dardumar Ardabil tana shimfiɗe a tsakiya cikin gilashi, tsawonta ya haura mita 10, an saƙa ta a Iran, kuma shekarar 946 ta Hijira na rubuce a jikinta. Mutane kan zo su tarar da ita cikin duhu su wuce. Dalili shi ne ana kunna mata fitila minti 10 kawai a kan kowace sa'a da rabin sa'a, don kada launinta ya koɗe. Ka duba agogo ka jira. A ɗakin akwai mumbarin katako da hauren giwa da aka yi wa Sarkin Masar Ƙaitbay a ƙarni na 15.

Tsohon gari da kallo daga sama

Yankin da ake kira City ranar aiki ake zuwa, ƙarshen mako kusan komai a rufe yake. Daga tashar Tower Hill za ka ga guntun ganuwar da Rumawa suka gina wajen shekara ta 200. Zagaya Tower of London ta waje, ka taka gadar Tower Bridge ta 1894. Tsallakawa kyauta ne, kuma ana wallafa lokutan da za a ɗaga ta a shafinsu. Gidan tarihin Bankin Ingila a Bartholomew Lane yana buɗe Litinin zuwa Juma'a, a ciki akwai sandar zinariya ta gaske mai nauyin kusan kilo 13 da ake bari ka zura hannu ka ɗaga.

Sky Garden yana hawa na 35 zuwa 37 a 20 Fenchurch Street. Horizon 22 yana hawa na 58 a 22 Bishopsgate, ya fi tsayi. Ka isa minti 15 kafin lokacinka, da fasfo ko wata shaida mai hoto. Wanda bai sami tikiti ba ya je The Garden at 120, hawa na 15 a 120 Fenchurch Street, ba a rajista. Ranar hazo ko gajimare mai saukowa ba abin da za ka gani daga hawa na 58, gara na 15 ɗin.

Greenwich

Duk mai sauraron rediyo ya san agogon GMT, to nan ne gidansa. Hau jirgin DLR daga Bank, ka zauna a gaba tunda ba ɗakin direba, ka sauka Island Gardens. Bi ramin ƙafa na 1902 da ya ratsa ƙarƙashin kogin Thames, mita 370, ka ɓulla gaban jirgin ruwan Cutty Sark. National Maritime Museum da Queen's House kyauta ne. Gidan nazarin taurari da ke kan tudu ana biya, amma agogon sa'a 24 na jikin bangon ƙofarsa a waje yake, kuma ta wata 'yar ƙofa da ke ƙasa da harabar layin da ya raba gabas da yamma ya ratsa hanya, kana iya tsayawa a kansa ba biya. A 1884 aka amince da shi, kuma in ka bi shi kudu zai ratsa Aljeriya, Mali, Burkina Faso, Togo, ya faɗa teku a Tema ta Gana.

Mataki na 4: Sallah, abinci da ban ɗaki

Lokutan sallah suna sauyawa ƙwarai. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shiga cikin sa'a 4, daidai lokacin da kake cikin gidan tarihi. A Yuni kuwa Magariba sai bayan 9 na dare. Ka riƙe ƙaramar darduma, ka tambayi ma'aikata ɗakin ibada, wasu manyan gidajen suna da shi. Juma'a ka nufi Babban Masallacin Landan a gefen Regent's Park, kusa da tashar Baker Street, ko East London Mosque a Whitechapel Road. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watanni yana baya da sa'a 1.

Abincin cikin gidajen tarihi da tsada. Sayi burodi da 'ya'yan itace a babban kanti ka ci a lambu. Ruwan famfo ana sha, ka riƙe gora. Abincin halal mai sauƙin kuɗi yana Whitechapel da Edgware Road, na gida kuma a Rye Lane da ke Peckham. Ban ɗaki kyauta ne a gidajen tarihi da manyan tashoshin jirgi irin su King's Cross da Victoria da Waterloo, sai dai babu buta.

Mataki na 5: Abin da ke ɓata yini

Motoci a hagu suke tafiya, saboda haka dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka. An rubuta a kan kwalta. A matakalar lantarki tsaya a dama, hagu na masu sauri ne. Masu ƙwacen waya suna zuwa a kan keke ko babur su fizge daga hannun wanda ke tsaye a bakin titi yana duba taswira, don haka ka juya wa titi baya ko ka matsa jikin gini. A kan gadar Westminster akwai masu cacar kofi uku da ƙwallo, kuma waɗanda kake gani suna ci abokan aikinsu ne. Keken fasinja mai fitilu da kiɗa kada ka hau sai an yanke farashi. Yawon ƙafa da ake tallatawa a matsayin kyauta, jagoran yana jiran ihsani a ƙarshe. A Speakers' Corner na Hyde Park, inda kowa ke faɗin albarkacin bakinsa ran Lahadi, muhawarar addini kan yi zafi kuma ana ɗaukar bidiyo a sa a YouTube, don haka wanda ba ya son ganin fuskarsa a can ya tsaya baya. Lambar gaggawa ta 'yan sanda da motar asibiti 999 ce.